Sunan Badaru a Baiti na Uku

Duk kasuwar Oil Mill mutum ɗaya ne ke addu'ar waƙar Shafi'u ta faɗo ƙasa, shi ne Badaru mai baro. Ba hassada ba ce. Shekara uku suka yi suna tura baro tare a Fatakwal, suna cin garau-garau a kwano ɗaya, tun Shafi'u na rera wa buhunan albasa baitocinsa ana cewa kansa da motsi. Ranar da zai koma Enugu don ya samu mai ɗaukar murya a unguwar Ogui, Badaru ne ya raka shi tasha.

Sai ga Shafi'u ya fitar da waƙarsa "Baro", rabi Hausa rabi Turancin buroka, ya kuma yi abin da mawaƙa suka gada, wato ambaton mutanensu. A baiti na uku ya zuba shi tiryan-tiryan: Badaru ɗan Malam Nasidi na Garin Dinya, ƙarfen Oil Mill. Ga suna, ga uba, ga gari, ga inda za a same shi. Ko ɗan sanda bai iya cika takarda haka ba.

Wasu har roƙo suke a saka su a waƙa, Badaru kuwa shekara bakwai ke nan yana ɓuya. Wata kaka ya cinna wa karan gona wuta, iska ta juya, rumbunan gidansu uku suka ƙone ƙurmus da hatsin shekara. Bai tsaya ya ga fuskar mahaifinsa ba. Ya bi motar shanu zuwa Kudu, ya karya layin wayarsa, kuma tun daga nan ko mai kama da ɗan garinsu ya hango sai ya sauya hanya. Wannan labarin bai taɓa ba Shafi'u ba.

Makon farko waƙar ta shiga jerin waɗanda aka fi saurare a ƙasa, tana ta talatin da takwas. Duk Juma'a masu baro sukan taru kan waya ɗaya su duba. Ta koma ta sha tara, ta koma ta bakwai. 'Yan okada suna kunna ta, matan Ibo masu kifi suna kiransa ƙarfe suna dariya, shi kuma yana yaƙe. Wani direba ya ce ya ji ta a Lokoja. Mako na gaba wani ya ce a Kaduna har gidan biki ana taka ta. Tsoro ya hana Badaru cin abincin kirki, don kullum waƙar ƙara matsawa gida take.

Ya kira Shafi'u, ya same shi a Onitsha yana shirin hawa dandamali. Ya roƙe shi don Allah ya cire baitin.

"Haba mutumina, so na yi duniya ta san ka," in ji Shafi'u. "Waƙa ta riga ta fita daga hannuna, no be me dey hold am again."

Juma'ar da ta kai ta ɗaya, masu baro suka ɗaga Badaru sama suka zaga da shi layin 'yan albasa. Ya yi niyyar gudu Aba, ya tuna can ma ita ake ji.

Ranar Laraba, ana tsakiyar cin kasuwa, direban wata motar tattasai daga Haɗejiya ya tsaya a kansa, ya tambaya ko shi ne na Malam Nasidi. Kafin ya shirya ƙarya an miƙo masa waya. Muryar mahaifinsa ta yi rauni, amma ita ce. Tsohon ya gaishe shi a tsanake kamar baƙo, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya da ruwan sama. Badaru ya durƙusa cikin taɓo yana amsawa, yana jiran faɗan da ya yi shekara bakwai yana gudu.

"Ba faɗa na kira in yi ba," in ji Malam Nasidi. "Sai a bakin mawaƙi na ji ɗana yana raye, na kuma gode masa. Uwarka ce dai ba ta jira waƙar ba, Badaru. Da azumin bara muka kai ta makwancinta."