Kunun Iya a Tashar Jirage

Daren jiya wani mafarki na yi, wai ga ni ina zaune a cikin jirgin ruwa, a wata tasha ta bakin teku, muna jiran sanyi ya wuce. Ni da ko kogin garinmu ban taɓa ƙetarewa ba sai ta gada. Jirage ne jere reras, kowanne a ɗaure kamar akuya a turke, don in sanyi ya cije su kewar gida suke yi su sulale. Da safe kowa zai fito ya sake ɗaurin igiyarsa, ya kankare ƙanƙarar da ta kwana a kan katako, ya shanya bargo. Kifaye kan leƙo su ari gishiri. Ba wanda ya taɓa tambayarsu me suka yi da na tekun.

Jirginmu ɗaki ɗaya ne, da murhu, da Iya.

Iya ta daɗe da rasuwa, amma ga ta a kan tabarma tana tankaɗe garin kunu, da zanenta mai ruwan goro. Ban yi mamaki ba. Abu ɗaya ne ya dame ni, na manta muryarta. Fuskar ina tunawa, tafiyar ina tunawa, muryar ce ta ɓace mini, kuma ko a farke abin yana ci mini rai. A tashar nan kuwa, wanda ya zo daga inda Iya ta zo, muryarsa a daskare take isowa, sai kunu mai zafi ke narkar da ita. Da azahar kuma ake naɗe teku kamar tabarma, a tafi da baƙi a ciki. Na leƙa murhu, toka ce zalla.

Na ɗauki fasasshen kasko na taka katakon da ya haɗa mu da maƙwabci, ɗiban wuta. Maƙwabcin wani dattijon kada ne, Malam Jatau, sanye da rigar sanyi mai hannu huɗu. Ya zuba mini garwashi tun kafin in roƙa, sannan ya gyara zama.

"Ina kwana? Ina gajiya? Yaya sanyi?"

"Lafiya lau, Baba. Sanyi lokacinsa ne."

"Yaya jirgi? Yaya igiya? Yaya ƙusoshi?"

Ashe a can kowace ƙusa da gaisuwarta. Ni kuwa, dattijo yana gaishe ni in ce sauri nake? Ba tarbiyyar Iya ba ce. Ina durƙushe ina amsa lafiya lau har garwashin ya mutu a hannuna. Ya zuba mini wani, ya ce tunda sabuwar wuta ce sai mu sake daga farko.

Sai na hango wasu mata can ƙarshen teku, sun ɗaura ɗamara, sun fara naɗewa. Wuta ta biyu ma ta soma yin fari. Hawaye ya zubo mini, ya faɗa cikin kaskon ƙwas, kamar tsakuwa.

Malam Jatau ya ce, "Lafiya, ɗana?"

Na ce, "Baba, Iya ce ta zo, ba ta sha kunu ba."

"Ashsha. To me ya hana ka faɗa? Ai gaisuwa tana da ƙafa."

Ya kamfaci garwashi da baki, ya bi ni a kan katakon yana ci gaba da gaishe ni ta hanci, ni ina amsawa. Allah Ya saka wa kadan nan da alheri, ko mutum sai haka.

Sai ga tukunya tana tafasa. Hayaƙin ya gangara ƙasa ya shige ruwa, kifaye suna ta tari. Na dama kunun tsamiya da kaina, ya yi gudaji, na miƙa mata a ƙwarya. Matan nan sun iso jirgi na uku da namu, ina jin nishinsu.

Iya ta sha ludayi ɗaya, ta ƙara. Ba ta dube ni ba. Ni ne ɗanta na fari, har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba. Buta ta juya ta kalla.

"A gaya wa wancan ya sa hula. Kai kamar bayan ƙwarya, yana yawo a cikin sanyi."

Ita ce. Da ɗan kaushin nan, da yadda take jan ƙarshen magana. Daɗi ya kama ni.

Na ce, "Iya, ƙara faɗa."

Ta ce wa butar, "A gaya masa ba na maimaita magana."

Ta shanye sauran kunun, har gudajin, ta kife ƙwaryar, ta ɗaga ƙafafunta don masu naɗi su wuce. Katakon jirgi ya ɗauki ƙara, ƙurr, ƙurr.

Na buɗe ido. Matata Ladidi ce a tsakar gida take kankare ƙanzon tukunya. Ta leƙo ta ce, "Maigida, lafiya kake murmushi kai kaɗai?"

Na ce alhamdu lillahi. Muryar tana nan a kunnena, ba ta tafi ba.

Na ce, "Ladidi, miƙo mini hulata."