Babban Yatsan Yaya

Yayana kurma ne tun haihuwa, amma ban taɓa ganin mai surutu irinsa ba. Da hannu yake yin nasa. Idan ya kira ni ta bidiyo daga shagonsa na kafinta, sai ya jingina wayar da gwangwanin ƙusa, ya ja baya yadda zan gan shi har ƙugu, ya dinga zuba: wane ya kawo katakon da gara ta cinye ya ce a yi masa gado, wance ta ce ƙofarta ta karkace alhali gininta ne a karkace. Har gulma yake yi da yatsu, ya ƙarasa da gira. Rubutu ma yana taɓawa, gajere-gajere. Abu ɗaya ne a waya ba shi da amfani a wurinsa, shi ne saƙon murya.

Tun da matarsa ta rasu, 'yarsa tana hannuna. Tsuntsuwa muke kiranta, don bakinta ba ya hutawa, kamar ta haɗa nata rabon maganar da na ubanta. Shi kuma bai daɗe da kama ɗaki a wata unguwa kusa da makarantarta ba. Mai gidan ya jefa lambarsa cikin guruf ɗin waya na 'yan unguwar, inda mutane suka cika maƙil, kuma ba wanda ya san fuskar rabin sauran.

Mutanen guruf ɗin nan ba sa rubutu. Wallahi ko "to" ce sai sun danna sun faɗa da baki. Famfo ya fashe, murya. An ɗauke wuta, murya. Yaya ya ƙi fita, wai kada a ce baƙo yana da girman kai. Sai ya ɗauki wata ɗabi'a, duk abin da aka turo ya manna masa alamar babban yatsa.

"Ladabi ne," ya ce mini da hannu.

Na yi dariya na ce wata rana zai yi wa sanarwar mutuwa babban yatsa.

Ranar da abin ya faru an riƙe ni a kantin maganin da nake aiki, kaya sun iso ana jerawa. Na rubuta masa ya ɗauko Tsuntsuwa daga makaranta. Ya je ya ɗauko ta. A hanya ta ga mai sayar da balan-balan, ta ce sai an saya, ya ƙi, ta zube a ƙasa tana ihu. Wanda ya san ta ya san halinta ke nan. Ya sungume ta ya saɓa a kafaɗa tana shure-shure. Wata Hajiya daga saman bene ta ƙwala masa kira, "Kai! Ina za ka da 'yar mutane?" Bai waiwaya ba. Ta yaya zai waiwaya? Ta ɗauki hotonsa ta tura guruf, ta bi shi da murya tana haki: ga ɓarawon yara nan, ta kira shi ya yi kunnen ƙashi.

Daga baya na zauna da wayarsa na saurari saƙonnin nan ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce shi ne wanda ya saci yaro a bayan kasuwa. Wata ta ce irinsu a hannu asirinsu yake, da sun kaɗa maka yatsu sai ka bi su kamar tunkiya. Wani da ke gari daban ma ya rantse ya san fuskar.

Shi kuwa bawan Allah ya isa ƙofar gidansu, ya sauke ta, ya share mata majina, wayar tana ta rawa a aljihunsa. Ya duba, ga hotonsa da 'yarsa, ga saƙonnin murya sun jeru a ƙasa. Ya ɗauka ana cewa ne ga sabon maƙwabcinmu da yarinyarsa. Har daɗi ya ji. Ya manna babban yatsa.

"Yana cikin guruf ɗin! Dariya yake mana!" Muryar ciyaman ɗin unguwar ke nan, har tana karyewa. "Duk namijin da ke gida ya fito!"

Ni ina kan tsani ina jera kwalabe, abokiyar aikina, wadda waya ba ta barin hannunta, ta ce, "Innalillahi! Sauko ki gani, an kama ɓarawon yara, kai tsaye ake nunawa." Ban ga fuska ba da farko, ƙafafu ne da sanduna. Rigar na gane, shuɗiya mai tabon gam a aljihu, ni na saya masa. Na fizge wayar na rubuta a ƙasan bidiyon: yayana ne, kurma ne, 'yarsa ce. Kafin in ƙifta ido rubutuna ya haye sama ya ɓace, wasu sun taso sun danne shi. A ƙone shi. A fasa kan. Ƙananan zukata jajaye suna ta tashi a gefen allon.

Na tare mai babur na haye ba takalmi ɗaya. Muna tafe ina kallo, don na kasa kashewa. Na ga an buga masa bulo a kafaɗa ya durƙusa. Na ga ya miƙe a kan gwiwa, jini ya rufe masa ido ɗaya, ya ɗaga hannuwansa biyu. Na san abin da yake faɗa. Ya dafa ƙirjinsa, ya jijjiga hannu kamar mai renon jariri, ya nuna inda aka ja Tsuntsuwa aka kai ta. 'Yata ce. Ya sake, ya sake, da sauri, yadda yake yi idan ban gane ba.

"Ga asirin nan! Ku kula da hannun!" in ji mai ɗaukar bidiyon.

Ƙattai biyu suka danne shi. Wani ya take masa wuyan hannu a kan gefen kwalbati, wani ya sauke masa ƙarfen rodi a kan yatsun. Na ji ƙarar ta cikin waya, a tsakiyar hayaniyar titi na ji ta. Yaya ya yi wani irin kuka da ban taɓa jin ya fito daga bakinsa ba. Suka juya ɗaya hannun.

Da muka isa, wani yana mirgino taya. Ban san yadda na keta su ba. Na ciji wani a damtse, na san wannan, don naman ya daɗe a haƙorina. Na faɗa kan Yaya na rufe shi da jikina, sanda ta sauka a bayana, wata ta sauka a kunnena.

"Kurma ne, 'yan iska! Kurma ne! Ina yarinyar? Ku tambaye ta mana!"

Ashe mata sun kulle ta a shagon tela suna ba ta ruwa. Tun farko take ihu tana cewa babanta ne, suka ce asirin ne bai sake ta ba. Wani tsoho mai aski ya ce a buɗe a gani. Tana fitowa ta ce, "Gwaggo!" ta ratsa ta ƙarƙashin hannuwan mutane ta faɗa kan ubanta. Ta kama fuskarsa ta juyo da ita, don ta san sai ya kalle ta yake jin ta, ta dinga yi masa magana da 'yan yatsunta. Sai sanduna suka fara sauka ƙasa. Kafin 'yan sanda su iso, titin ya watse, wai ba wanda ya taɓa kowa, kowa wucewa yake yi. Mai ɗaukar bidiyon ma ya goge.

Likita ya ce ran ya tsira. Hannun dama ƙasusuwan sun yi raga-raga, na hagu wataƙila yatsu biyu su dawo. Ya faɗa mini haka yana kallon hoton ƙashin, kamar maganar riƙe zarto kawai yake yi. Na ce masa, likita, bakinsa ne wannan.

Washegari da hantsi ina zaune gefen gadon, hannuwansa biyu a naɗe fari ƙal har gwiwar hannu, an rataye su. Tsuntsuwa tana kan cinyata, tun jiya ba ta ce uffan ba. Wayarsa mai fasasshen gilashi ta yi rawa a kan akwatin gefen gado. Ya nuna mini ita da haɓa. Na buɗe na kanga masa a gaban ido. Guruf ɗin ne. Ciyaman ya turo ban haƙuri a madadin unguwa, dogon saƙon murya, mutane kuma sun biyo baya da nasu, murya, murya, murya.

Yaya ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ɗago ya dube ni, ya ɗaga gira, yadda yake yi idan yana tambayar me aka ce. A cikin bandejin hannun hagu na ga wani abu ya motsa kaɗan, wajen da babban yatsan yake, yana neman allon. Na kife wayar a kan gado. Na fita baranda na yi kuka har ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce in rage murya, akwai marasa lafiya.