Jarumin da Aka Cire wa Rufin Fuska

Duk wanda ya san Shafi'u bakaniken babura a Isa ya san cutarsa ɗaya ce: zane. Da aiki ya lafa sai ya wanke baƙin mai da omo, ya jawo kwali, ya hau zana jaruman finafinan nan masu tashi sama. Da fensir yake farawa, ƙwallo ɗaya na kai, sanduna na gaɓoɓi, sannan ya ɗora tsoka kamar mai yaɓen ɗaki, ya bi da biro, ya share fensirin da kilina. Abokai sun yi tsiya har sun gaji, gemai-gemai da shi yana wasan yara. Shi ko a jikinsa.

Da damina yayarsa Kadijatu ta dawo gidansu daga wani ƙauye can wajen Gatawa, bayan 'yan bindiga sun tashe su. A guje-gujen ranar ta rabu da 'yarta Kausar mai shekara shida, sai washegari ta same ta a bakin titi cikin mutane. Tun daga nan yarinyar ba ta sake cewa uffan ba. An yi rubutu, an je asibiti, shiru. Abin ya ci wa Shafi'u rai, don ita ce mai cika masa kunne da surutu a da.

Sai ya yi dabara irin tasa. Ya zana mata gwaninsa, ƙato mai faɗin ƙirji da mayafi yana kaɗawa, fuska a rufe ruf sai idanu, ya shafe shi da kala. Ya miƙa mata yana washe baki.

Kausar ta kalla sau ɗaya, ta shige bayan randa tana makyarkyata.

“Mi kay yi mata?” in ji Kadijatu daga madafa. Ta zo ta ga kwalin, ta dafe ƙirji. “Kai Shafi'u, ba ka da hankali? Waɗanda sunka zo muna, awa wanga suke. Fuska rufe, sai ido.”

Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Garin neman gira zai rasa ido. Ya zauna a ƙasa inda yarinyar za ta iya hango hannunsa, ya juya bayan kwalin, ya sake farawa. Ƙwallo, sanduna, tsoka. Da ya zo kan fuska sai ya tsaya, don shi bai taɓa tunanin abin da ke ƙarƙashin rufin ba. Ya zana hanci, ya share. Ya zana gemu, ya tsaya yana juya fensir.

“Ba ta da gemu.”

Muryar ta fito a dushe daga bayan randa. Shafi'u bai ɗaga kai ba, tsoro yake kada ya kore ta. Ya share gemun.

“To, ɗiyata, mi taka da shi?”

Ta matso da rarrafe, ta ɗora yatsa a gefen bakin zanen. “Zane baƙi, nan da kuma nan. Kuma ba ta da ƙiba hakanga, Kawu. Ta goye ni cikin dawa. Ƙahwatta na jini.”

Ya share ƙirjin nan da ya yi shekaru yana koyon zanawa, ya rage damatsa, ya mai da mayafin zanen goyo. Kadijatu ta leƙo ta kafaɗarsa, sai ta zauna daɓas.

“Mas'uda ta,” ta ce. “Bafillatag ga da ka kawo muna nono. Ashe ita tak kai ki titi?”

Kausar ta gyaɗa kai, ta ce kitson ma ba haka yake ba, kuma kunnen ya yi girma.

Shafi'u ya yi hamdala a ransa, ya gode wa Allah, ya gode wa matar da bai taɓa gani ba, hawaye na ɗiga a kan kwalin. Wani ya yi sallama a ƙofa, babur ɗinsa ya ƙi tashi. Kadijatu ta share ido ta ɗaga murya ta ce a gaya masa ya dawo gobe, yau ana yi wa bakanike gyara.

“Kawu,” in ji Kausar tana jan hannunsa, “saura ni a bayanta.”