Jar Ƙasa a Rumfar Musaddiq

Da Musaddiq ya dawo Goronyo daga kwas ɗin noma, ya roƙi mahaifinsa, Malam Halliru, rabin fadamar albasarsa. Ya ce zai kafa rumfar leda ya noma sitiroberi, wani jan kayan marmari mai son sanyi, ba tare da ƙasa ba, a cikin bututai cike da ɓuntun shinkafa, ruwan taki yana ɗiga. Ɗan kwando ɗaya, in ji shi, a manyan kantunan Sakkwato ya kai kuɗin rabin buhun albasa. Tsohon ya ba shi, da sharaɗin in abin bai yi ba, fili ya koma ga albasa.

Bututan suka makara a hanya, bai dasa ba sai da sanyi ya wuce. Da bazara ta shigo, rumfar ta zama tanda. Fure ya zube, 'ya'yan da suka tsira kuwa ƙanana ne masu tsami.

Ana nan sai ƙungiyar manoman rani ta ce za ta zo gani ran Asabar. Musaddiq ya ba wani direba sautun sitiroberi daga Jos. Da safe ya juye 'ya'yan Jos cikin kwandunansa, ya jera a bakin rumfa.

Baƙi suka ɗanɗana, suka yi ta sa albarka. Lawwali, shugabansu, ya tsokani tsohon cewa ya rataye fartanyarsa haka nan, shi kam zai sayar da bijiminsa ya sayi leda. Malam Halliru ya ɗauki guda, ya ɗaga ɗan ganyen kanta da farce, ya duba, ya mayar.

Bayan an watse ya kira ɗansa gefe.

"Mi ka ce tana ci, ruwa da ɓuntu?"

"I, Baba."

"To wagga jar ƙasa da na gani ƙarƙashin ganyenta hwa? Tamu baƙa ta."

Musaddiq ya durƙusa, idonsa a ƙasa, ya faɗi komai. Tsohon ya ce da shukar kawai ta lalace, da ya ƙara masa shekara, don albasa ma tana ruɓewa. Yanzu sai ya kwashe bututansa kafin damina. Amma ya fara zuwa gidan Lawwali ya faɗa masa gaskiya, tun bijimi bai kai kasuwa ba.

Musaddiq ya hau babur. Sau biyu yana wuce ƙofar gidan kafin ya iya tsayawa ya yi sallama.