Dutse na Uku a Murhun A'i

Babu wanda ya mutu a gidan Ɗan'azumi, babu ma wanda ya ƙwarzane. Ƙarfen da matarsa A'i ta ɗora tukunyar wankan jego a kansa, a Maruta ta ƙasar Gwaram, farkon daminar 1976, daga baya an kai shi daji an fasa, ramin da ya bari kuwa ya isa a binne bijimi.

Daga sabuwar gona ya fito. Ɗan'azumi yana tumɓuke kututture a gindin dutse, inda tsofaffi ke cewa an taɓa ganin masu kaki sun yi zango, fartanyarsa ta fara tono kwanson harsasai. Ya cika kwando da su. Jan ƙarfe ne, idan aka goge da toka sai ya yi ƙyalli. Mata suka rarraba suna zuba kwalli, tsofaffi suka mayar da su batta ta garin taba. A ƙasan kwandon akwai wasu ƙarafa biyu masu nauyi, masu ƙaton ciki da wutsiya kamar ta kifi, tsatsa ta cinye su. Waɗannan aka jingine a bayan rumbu.

A lokacin 'yarsu Safiyatu tana gida, ta zo wankan haihuwar fari. Safe da yamma A'i kan tafasa ruwa da ganyen runhu a ƙatuwar tukunya, kuma wutar jego ba irin ta tuwo ba ce. Ran nan da safe ɗaya daga cikin duwatsun murhun ya dare biyu. A'i ta duba tsakar gida, ta tuna da abin bayan rumbu. Ta mirgino shi, ta kwantar da shi a gurbin dutsen, tukunya ta zauna daram. Har ta yaba wa kanta. Dutse yana fashewa, ƙarfe kuwa sai dai ya yi baƙi.

* * *

Barau ƙanin Ɗan'azumi ne. Ya dawo daga yaƙin basasa da kunne ɗaya da hannu mai karkarwa, ya tare a ɗakin zaure. Idan aka yi tsawa yakan kwanta rub da ciki, saboda haka gari ya yanke cewa ya taɓu. Ba a shawara da shi. Kwandon nan ma ta gabansa aka wuce da shi a rufe da buhu, Ɗan'azumi ya ce kada a tayar masa da ciwo. Abincinsa ana miƙa masa idan an tuna.

Wannan safiyar ba a tuna ba. Da hantsi ya ɗaga, Barau ya ɗauko ƙoƙonsa, ya yi sallama ya shigo.

"Matata, yau kuma an sake ni ne ban sani ba?"

"Wa zai auri mai kunne ɗaya balle ya sake shi?" in ji A'i, tana tura kara a wuta. "Kununka na can a gindin turmi."

Bai je gindin turmin ba. A'i ta ɗago ta ga idonsa a kan murhu, ta kuma lura da abin da ba ta taɓa gani ba tun dawowarsa: hannun ya daina rawa. Ya tambaye ta tun yaushe ta hura wutar. Ta ce yanzun nan, ruwan ko ɗumi bai yi ba.

"Shiga ki fito da Safiyatu da jaririn. Ku bi ta ƙofar baya, kada ku tsaya ɗaukar komai."

Ta so ta yi dariya, ta so ta ce ciwon ne ya motsa. Mai jego ba ta fita waje kafin wanka, kowa ya san haka, kuma surukai za su ji labari. Amma ba da ihu ya yi maganar ba, wannan ne ya tsorata ta. Ta shiga ɗaki ta saɓo jikanta, ta janyo 'yarta da zani ɗaya.

Daga bakin darni ta waiwaya. Barau ya durƙusa yana zare karan ɗaya bayan ɗaya, yana turmusa su a ƙasa nesa da murhun. Bai taɓa tukunyar ba, bai zuba ruwa ba. Da garwashin ƙarshe ya fita sai ya ja da baya a hankali, ya same su a ƙarƙashin tsamiya ya zauna, hannun ya koma rawarsa.

* * *

Mai unguwa ya sa aka fitar da maƙwabta, aka tashi mai babur zuwa Birnin Kudu. Kafin 'yan sanda su iso, mata sun taru da kwansayen kwallinsu, kowacce na riƙe da nata da bakin gyale kamar zai ciji. Barau ya karɓa ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna musu bakin a buɗe, cikin fanko, da 'yar lotsawa a tsakiyar gindin. Wannan ya riga ya yi aikinsa, ya ce, su ci gaba da sa kwallinsu. Na murhun kuwa harsashin igwa ne da aka harba bai tashi ba, kansa a rufe, abinsa na ciki.

Hapsatu ungozoma ta ce ashe dai Barau da sauran amfani. Aka yi dariya. A'i ba ta yi ba. Tana kallon ƙoƙon da ya yar a bakin ƙofa, tana tunanin da ta tuna da kununsa da sassafe, da bai shigo ba.

Da yamma a murhun maƙwabta aka dafa ruwan. Safiyatu ta yi wankanta, jaririn ya sha nono ya yi barci. A'i ta zuba tuwo da kanta a kwanon baƙi ta kai zaure, ta tsaya har ya wanke hannu.

Yana cikin ci ya tambayi yayansa ko shi ke nan abin da gonar ta fitar. Ɗan'azumi ya ce ba shi ke nan ba. Ƙarafan biyu ne. Ɗayan ya kai kasuwar Basirka, wata mata da bai san ƙauyensu ba ta saya, ta ce zai yi mata daidai a murhu.

An yi shela a kasuwa, an faɗa a masallatai. Ba wanda ya zo. Har damina ta ƙare, ran kasuwa Barau kan tafi Basirka a ƙafa, ya zauna a tasha yana kallon matan da ke ɗaure kayansu za su koma gida girki.