Ƙwafar Abarci

Tun da ciwon ido ya rufe wa Abarci gani, matarsa Uwale ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ita ke kai masa buta, ita ke gaya masa launin rigar da ya sa. Kwatsam sai mutumin ya tsiro da wata mugunyar ɗabi'a, wato ƙwafa. Ya fito ɗaki, ƙwafa. Ya nufi bayan gida, ƙwafa. Ta gifta da tsintsiya, ya juyo kai wajenta ya ƙara wata. Ko yaro kuwa ya san wanda ya yi maka ƙwafa ba alheri ya ƙulla maka ba.

Ta yi ta haɗiyewa har ranar da innarta ta zo gaisuwa daga Kornaka. Tsohuwa na sallama, Abarci ya ɗaga kai ya yi mata ƙwafa kafin ya amsa. Suruka fa! Inna ko ruwa ba ta sha ba, ta juya tasha.

"Baban Zuhura," in ji Uwale, "ka sake yin abin ga cikin gidan ga, wallahi sai dai ka ji labarina."

Bai sake ba. Amma abin da ya biyo baya ya fi na farko ciwo. Mutumin da ke zuwa masallaci shi kaɗai ya fara karo da turmi, ya fasa randa, ƙofar langa-langa ta tsaga masa goshi. Daga baya ma ya lafe a ɗaki. Uwale ta ɗauka gaba yake yi da ita, so yake ya nuna wa garinsu Dakoro duka ba ta kula da shi. Ranta ya ɓaci matuƙa. Wata rana da hantsi ta fice ba sallama, ta nufi gidan ƙanwarta Mariama mai koyarwa a lekol, wato makarantar boko, da niyyar ba za ta dawo ba.

Tana sa ƙafa a zaure ta ji ƙas, ƙas, ƙas. Ta waiga tana tsammanin biyo ta ya yi. Ashe daga tele ne, wato talabijin. Wata ƙatuwar halitta ce ke nitsewa cikin baƙin ruwa.

"Mi ne ne wannan?"

"Balen ne, Yaya, irin kifin da aka ce ya haɗiye Annabi Yunusa," in ji Mariama. "Ba ma kifi ba ne, nono yake ba ɗanshi."

"To wa ya taɓa shi yake ƙwafa?"

Mariama ta kwashe da dariya. "Ba hushi ba ne! Can ƙasan teku duhu ne, ido bai da amfani. Sai shi aika ƙara, ta bugi abin da ke gabanshi ta dawo, kamar kin yi kira cikin rijiya. Da haka yake sanin dutse ne ko abinci, kusa yake ko nesa."

Uwale ta ce, "In ya yi shiru hwa?"

"Ya makance ke nan."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Uwale ta juya a guje. Mariama na kiranta, ko waigowa ba ta yi ba.

Ta iske Abarci tsakar gida, tsaye cikin rana, hannu a miƙe yana laluben iska, ga murhu da garwashi dab da ƙafarsa. Ya yi ta kira bai ji kowa ba, ya fito, ya ɓace a gidan da ya gina da hannunsa. Ta fizgo shi gefe.

"Don Allah gaya mani gaskiya. Ƙwafar nan, bango kake nema da ita?"

Ya ce, "Da na ce maki bango ke amsa mani, mi za ki ce? A ce Abarci ga makanta ga hauka."

"Inna hwa?"

"So na yi in san inda take tsaye, in durƙusa mata daidai."

Kunya da tausayi suka rufe Uwale, hawaye suka kece mata. "Yi," ta ce. "Yi abinka, ko gaban wa."

Ya yi guda a tsorace, ya saurara. Ya ƙara wata. Fuskarsa ta juyo kanta sak, har ya fara murmushi, sai murmushin ya tsaya.

"Uwale, kin ƙara tsawo. Mi ke bisa kanki?"

Sai lokacin ta tuna ƙunshin kayan da ta fita da shi yana nan a kanta, ba ta sauke ba. Ta sauke shi a hankali, ta mayar da shi ɗaki.