Agwagin Gidan Kyaftin

Ƙarfe sha ɗaya saura kwata, Lijo yana saman rufin otal ɗin Gidan Kyaftin da ke Kochi yana manna gashin baki da gam. Jar kwat ce a jikinsa mai maɓallan ruwan zinariya, ga hula mai tuntu, ga sanda mai kan azurfa. Duk wannan shiri don ya raka agwagi shida wanka ne.

Shekara huɗu ke nan wannan ne aikinsa. Kullum da sha ɗaya agwagin za su sauko a lifta, su taka jan kafet har kwarmin marmara da ke tsakiyar zaure, jama'a na ta ɗaukar hoto kamar ba su taɓa ganin tsuntsu mai ƙafa biyu ba. Allon tagulla na bakin ƙofa ya ce al'adar ta shekara ɗari da ashirin. Lijo ya san wanda ya sassaƙa allon, ko furfura bai fara ba. Duk wata uku ake sauya agwagin daga garken mahaifin Lijo a can fadamun Kuttanad, a gaya wa baƙi tsofaffin sun koma ƙauye hutun ritaya. Hutu ne mai kyau, yakan ƙare ranar Ista cikin madarar kwakwa da barkono.

Doka ɗaya manaja Mista Pillai ya kafa masa: ba a kiran agwagi da kiran ƙauye a gaban baƙi. Sanda da Turanci kawai. "Nan ba fadama ba ce," in ji shi. Sai a saman rufi, lokacin ba su shinkafa, Lijo kan yi musu kiran ubansa a hankali.

Gam ɗin bai gama bushewa ba wayarsa ta yi ƙara. Tessy ce, nas ɗin da yake neman aure, wadda mahaifinta zai ba da amsa ranar Lahadi mai zuwa.

"Lijo chetta, kada ka faɗi," ta ce da raɗa, tana kiransa chetta, wato yaya, kamar yadda ta saba. "Muna ƙasa."

"Wane ƙasa?"

"Ƙasan otal ɗinku mana. Motar cocinmu ta kawo mu ziyara, direba ya ce zunubi ne mutum ya zo Kochi bai ga agwagi ba. Appachan, babana, yana layin gaba, har ya ture wani Bature."

Lijo ya zauna a kan buhun shinkafa. Varkey, mahaifin Tessy, shekara talatin ya yi yana kora agwagi da kwalekwale daga fadama zuwa fadama, wata shida ba ya kwana a gida, har ruwa ya cinye masa tsakanin yatsun ƙafa. Ranar da ya sayar da garken ya buɗe shago, ya rantse a gaban dangi cewa 'yarsa ba za ta auri mai warin agwagwa ba. Dillalin aure ya san da wannan rantsuwa, don haka ya yi wa Lijo ƙarin girma zuwa mataimakin manaja, ya mai da ubansa manomin shinkafa, ya kuma kira uban da sunansa na baftisma, Kuriakose, sunan da ko agwaginsa ba su san shi da shi ba. Ranar ganin amarya uban Lijo ya kwanta ciwon da dillali ya zaɓa masa, kawu ya je a madadinsa. Tessy kaɗai ta san gaskiya.

Lijo ya ruga wurin Mista Pillai ya ce cikinsa na murɗawa.

"Ya murɗa bayan sha ɗaya da kwata," in ji manajan. "Ka ga zauren nan? Har 'yan Japan. Wa kake so ya riƙe sandar, ni?"

Ya koma sama ya duba madubi. Sau ɗaya Varkey ya taɓa ganinsa, da farar riga da aski fes. Da wannan gashin baki mai kama da jelar ɓera biyu, da hular da ta rufe gira, ko uwarsa sai ta yi tambaya. Abin da ya rage kawai shi ne ya kame bakinsa na minti biyar.

Lifta ta buɗe, aka saki kiɗan soja. Babbar agwagwar da otal ke kira Sarauniya ta fito gaba tana ɗan ɗingishi, biyar na biye da ita, Lijo a baya ya ɗaga haɓa. Can ga Varkey bakin igiyar da aka tare 'yan kallo da ita, da farin zanensa naɗe zuwa gwiwa da lema a hammata.

"Ina sauran?" ya tambaya da muryar da ta saba ƙetare fadama.

"Su ke nan, Appachan. Yi ƙasa da murya," in ji Tessy.

"Shida? Don agwagi shida aka hana mu tsayawa shan shayi? Ni dubu uku nake korawa ni kaɗai, da gora da tsumma a bakinta. Dubi wannan kuma, mai kama da makaɗin badujalar biki. Ƙato da shi, an sa masa kwat yana bin ɗuwawun agwagi. Ko uwarsa ta san abin da yake yi a birni?"

"Appachan!"

"Me? Wa zai ji, agwagin?"

Lijo ya ji. Ya ci gaba da takawa, gumi na gangarowa yana jiƙa gam.

Saura taku goma su kai ruwa, jerin gwanon wani coci ya biyo ta titi, aka kunna nokawut kamar ana yaƙi. Agwagin suka manta da tarihin shekara ɗari da ashirin nan take. Ɗaya ta shige ƙarƙashin kujera, ɗaya ta hau akwatin wata mata, Sarauniya da sauran uku suka miƙe wuya suka nufi babbar ƙofa, wadda mai gadi ya wangale don shigo da kaya. Bayan ƙofar titi ne, kuma direbobin bas na Kochi ko don bishop ba sa taka birki.

Lijo ya kaɗa sanda, ya yi musu Turancin da aka koya masa. Agwagin, da yake ba su yi makaranta ba, ba su waiwayo ba. Mista Pillai ya bi su yana buɗe hannu kamar mai tarar jariri. Sarauniya ta riga ta taka matakalar waje.

Abu ɗaya ne zai tsayar da su, kuma Lijo ya san farashinsa. A Kuttanad kowane makiyayi da kiransa. In garke biyu suka cakuɗa a fadama, kowa ya tsaya a kwalekwalensa ya yi nasa, agwagi su rabu da kansu. Tsohon makiyayi kan manta fuska, amma ba ya manta kira. Lijo ya dubi Tessy, ya dubi ƙofa, ya ga hancin bas ya shawo kwana. Ya jefar da sandar azurfa, ya daki cinyarsa sau biyu, ya buɗe maƙogwaro.

"Hoooi! Ba-ba-ba-ba, kurrr!"

Sarauniya ta ja birki a matakala ta biyu, ta juyo. Ta ƙarƙashin kujera ta fito, ta kan akwati ta diro, duka shidan suka zo suka kewaye ƙafafunsa suna kuka suna neman shinkafa. Ya yi gaba, suka bi shi har cikin ruwa. Rabin gashin bakin ya riga su faɗawa, yana iyo shi ma.

Tafi ya ɓarke. Mista Pillai, wanda ya taho da niyyar korar Lijo daga aiki, ya tsaya ya saurari tafin, ya gyara nakatayal, ya sanar wa baƙi cewa sun yi sa'a ƙwarai: wannan shi ne tsohon kiran Kyaftin, wanda ba a yi sai a ranaku na musamman.

Mutum ɗaya ne bai tafa ba. Varkey ya ɗaga igiya ya shigo kan kafet da silifas ɗinsa.

"Kai. Cire sauran rabin."

Lijo ya cire.

"Barka da aiki, mataimakin manaja. Ɗan wa kake?"

"Ɗan Kuriakose, ranka ya daɗe."

"Ban san shi ba. Wanda na sani Kunjachan ne, mai kwalekwalen nan mai karyayyen baki. Shekarar babbar ambaliya garkena ya cakuɗa da nasa, ya yi wannan kukan jakin nasa, har nawa suka so bin sa. Shi ne manomin shinkafar?"

"Shi ne."

"To ai yana da gaskiya. Agwaginsa sun ci shinkafar mutane fiye da kowane manomi." Ya juya ga 'yarsa. "Ke kuma kin sani?"

"Na sani, Appachan."

"Madalla. Nas, da dillali, da kwat, duk bakinku ɗaya. Ni kaɗai ne baƙo ɗan yawon buɗe ido."

Lijo ya buɗe baki zai ba da haƙuri, tsohon ya ɗaga masa lema. Ya sunkuya bakin kwarmin, ya cafko Sarauniya da hannu ɗaya, kamar jiya ya bar sana'ar, ya juya ta ya duba ƙafar da take ɗingisawa. Tafin ƙafar ya yi rawaya da kurkur, yana ƙamshin man kwakwa, gyambon ya fara kamewa.

"Wa ya sa mata wannan?"

"Ni ne. Marmara ce ke cin ƙafarsu. Safe da yamma nake shafawa."

"Manajanka ya sani?"

"Shi maganin kwalba ya saya. Yana nan ban buɗe ba."

Varkey ya daɗe yana kallon ƙafar. Sannan ya mayar da agwagwar ruwa, ya goge hannu a jan kafet ɗin otal.

"Da ka yi shiru ɗazu," ya ce, "da na koma gida na ba mataimakin manaja 'yata, bas kuma ta ci agwagi huɗu. Ka san haka?"

"Na sani."

"Wawa, kamar ubanka." Ya gyara lemarsa. "Ina ake kwana in an tashi daga wannan wasan yara?"

"A ɗaki, nan bayan kasuwa. Shida na yamma nake tashi."

"Kullum?"

"Kullum."

"Hm. Ni makiyayi na rantse a kansa, mai barin mace wata shida da fitila a taga. Kai ba makiyayi ba ne, baran agwagi ne, abin ma bai kai a yi rantsuwa a kansa ba. Ranar Lahadi ka zo da ubanka, da sunansa na fadama, lafiyarsa ƙalau. Ka tsaya gaban uwar yarinyar nan da kawunnanta ka faɗi aikinka da bakinka, har da liftar, har da gashin bakin. In ka rage ko maɓalli ɗaya, ka sha shayinka ka kama hanya. Dillali kuma ku bar mini shi. Ka ji, mone?"

Tessy ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Mahaifinta ba ya ce wa kowa mone, ɗana, sai wanda ya riga ya buɗe wa ƙofa. Lijo kuwa tunanin kawunnan nan bakwai yake yi, da yadda za su riƙa tuna masa jar kwat a kowane biki har ya tsufa.

Direban motar cocinsu ya fara danna oda a waje. Varkey ya yi taku uku, sai ya tsaya, ya waiga hagu da dama, ya dawo bakin ruwa. Ya gyara murya, ya tafa sau ɗaya, ya saki nasa tsohon kiran, mai tsawo, mai lanƙwasa a ƙarshe, wanda dubu uku suka taɓa amsawa. Agwagin suka ci gaba da iyo. Ko ɗaya ba ta ɗaga kai ba.

"Agwagin birni," ya ce, ya saɓa lemarsa. "Ba tarbiyya."